Wai in CSI na kusa da gidanka shi ke nan an ƙirga ka cikin masu samun likita?

Dan Garin Malam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ma'aikatan lafiya na wannan zaure ku taimaka mini da bayani. Ina yawan jin ana cewa a radiyo kusan rabin 'yan Nijar na da wurin magani kusa da su, to ni abin da nake son sani shi ne da wane mudu gwamnati take auna wannan. Dalili kuwa, sati biyu da suka wuce yarinyata 'yar shekara uku ta kwana da masassara, jiki kamar garwashi, ana sallame sallar asuba na ɗauke ta da uwarta a moto sai wani CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, da ko minti goma ba a yi daga gidanmu, muka tarar mata sun riga sun jera karnen asibiti a ƙasa an danne da duwatsu, majo, wato shugaban CSI ɗin, shi kaɗai ne sai wata ɗaliba mai gwajin jini, ba mu shiga ba sai bayan azahar, da muka shiga kuma aka ce maganin ya ƙare aka rubuta mana ordonas na je farmasi na kashe jaka huɗu. Alhamdulillahi ta warke. Amma a takardarsu ni ina cikin waɗanda suka samu likita ne ko a'a?

Majo mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Amsarka a taƙaice: e, kana ciki, har sau biyu ma.

Ma'aunin farko da kake ji a radiyo nisa kawai yake dubawa. Ana lissafa mutanen da ke zaune cikin kilomita 5 daga CSI, a raba da yawan jama'ar yankin duka. Ba ruwansa da ko akwai ma'aikaci a ciki, ko akwai magani a kantar farmasin, ko awa nawa ka yi bisa benci. Na biyu shi ne yawan sababbin marasa lafiya da aka rubuta a rajista cikin shekara, shi ma a raba da yawan jama'a. Tun da an rubuta sunan 'yarka to ta shiga nan ma, ko da kuwa da takarda kawai kuka fito a hannu.

Ƙarshen kowane wata mu majo muke zama da dare da fitila muna ƙirga layukan rajista ɗaya bayan ɗaya, mu cika rapor mu aika distirik, yanzu kuma ana shigar da shi cikin kwamfuta a tsarin da ake kira DHIS2. Aikin na da amfani ƙwarai, da shi ake gane inda ƙyanda ko sanƙarau suka ɓulla. Sai dai babu gurbi a takardar nan na matar da ta gaji da jira ta goya ɗanta ta koma gida, kuma wallahi na ga irinsu da yawa lokacin damina, watan Agusta da Satumba in palu, wato masassarar cizon sauro, ya taso.

Wani abu kuma ɗana, yawan jama'ar da ake raba lissafin da shi ƙiyasi ne daga ƙidayar 2012, lokacin jihar Damagaram na da mutum wajen miliyan uku da rabi. Sannan ka lura, a mafi yawan CSI ba dokta kake gani ba, infirmiye ne. Dokta sai asibitin distirik ko babban asibitin ƙasa na nan Zinder. Ma'aunin OMS, hukumar lafiya ta duniya, da muke aiki da shi likita ɗaya ne ga mutum 10,000, mu kam da sauranmu nesa.

Maman 'yan biyu:
Baba majo ka faɗi gaskiya. Ku na birni ma da sauƙi. Ni asalina wani ƙauye ne a gefen Mirriah, kaz da sante, wato ɗan ɗakin shan magani, gare mu irin waɗanda aka gina zamanin Tandja, ɗaki biyu da ma'aikaci guda, ran da ya tafi karɓo albashi ko taro sai ka tarar da kwaɗo a ƙofa. CSI kuwa a taswira ba nisa amma akwai ƙorama tsakani, in ruwa ya sauka amalanken shanu ba ya ƙetarawa sai an jira ya janye, ƙanwata a bakin ƙoramar nan ta haihu cikin amalanke da tsohuwarmu riƙe da ita. Kilomita biyar ta rani daban, ta damina daban. Kuma maganar kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki da aka kawo tun 2006 ta ceci rayuka ba ƙarya, ni kaina na amfana, amma in gwamnati ta yi jinkirin biyan CSI kuɗinsu ai kantar magani sai ta bushe, shi ya sa aka miƙo maka ordonas malam.

Ɗalibin lafiya:
Wannan matsala ba mu kaɗai ba ce. A Ingila gwamnati ta taɓa sa doka cewa mara lafiya ya ga likitan unguwarsu cikin awa 48, sai wasu asibitocin suka daina ba mutane rana tun da wuri, sai dai kowa ya buga waya da safe, don alƙalumansu su yi kyau. A 2010 aka soke ma'aunin. Amma suna da abu guda da nake so mu ɗauka, duk shekara ana aika wa marasa lafiya tambayoyi su da kansu su faɗi yadda suka sha kafin su ga likita. Mu nan ai muna da 'yan rele, wato masu taimaka wa ma'aikatan lafiya, a unguwanni da ƙauyuka masu shiga gida gida lokacin rabon maganin palu na yara, me zai hana a ƙara musu tambaya biyu: kun je? an duba ku kun samu magani?

Dan Garin Malam:
Na gode ƙwarai, yanzu na gane inda aka sa ni. Baba majo, tambaya ɗaya ta rage, kwamitin lafiya na unguwa da ake cewa kowane CSI na da shi, mutum irina zai iya zuwa zamansu ya kai maganar jira da ƙarewar magani a rubuta? In ana yi, mu uku ne a layinmu da abin ya same mu cikin watan nan, tare za mu je.