Sojana na farko: a hannu lafiya lau, a hoto kamar ya ga fatalwa

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na gama fentin sojana na farko, ɗan mutum-mutumin roba na kamfanin Tamiya, ma'aunin 1/35 (wato an rage girman mutum sau 35), tsayinsa bai fi santimita 5 ba. Sojan Ingila ne na Yaƙin Duniya na Biyu, irin masu gajeren wandon nan da suka yi yaƙi a hamadar Arewacin Afirka. Mako biyu ina kansa. Da na ɗaga shi a hannu har murmushi na yi. Da safe na ɗauke shi da waya, na zuƙo hoton, sai gwiwata ta yi sanyi. Idanu warwaje, aljihun riga ya shafe ƙarƙashin fenti, ga wani layi tun daga kafaɗa har idon sawu wanda wallahi ban taɓa lura da shi ba. Haka kowa ya fara, ko ni ne hannuna bai iya ba?

Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Haka kowa ya fara, ɗan'uwa. Layin nan sawun mazubi ne, inda ɓari biyu suka haɗu lokacin da aka zuba robar. Da bayan reza ake kankare shi kafin fenti ya taɓa jiki. Ni nawa na farko ko wanke shi ban yi ba, ban kuma sa masa fentin share fage ba, kwana uku fentin ya fara ɓarewa a hular kwano. Yanzu sai na wanke da ruwan sabulu ya bushe tukuna.

Maganar aljihu kuwa, kaurin fenti ne. Idan na ruwa kake amfani da shi, irin su Vallejo, tsinka shi ya koma kamar madara, ka shafa sau biyu ko uku. Shafar farko za ta yi muni, kada ta tsorata ka.

Malamin Zane:
Idanun nan su suka fi cin kowa. Ka tsaya a bakin titi ka dubi mutum daga can tsallake, farin idonsa kake gani? Inuwa kawai za ka gani ƙarƙashin gira. To sojan da ke tafin hannunka kamar mutumin tsallaken titi ne. Ni na daina sa fari gaba ɗaya. Siririn layi na ruwan ƙasa mai duhu nake ja da bakin tsinken sakace, shi ke nan. Sai in babba ne, na 1/16, wanda ya kai santimita 11, a nan ne ido yake da wurin zama.

Jikan Mazan Jiya:
Ni abin da ya shigo da ni harkar nan daban ne. Kakanmu yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin Bama, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta yi fama da sojan Japan a kwarin Kaladan a 1944. Hotonsa ɗaya tak muke da shi, shi ma ya koɗe. Na nemi sojan roba baƙar fata na wannan runduna ban samu ba, sai na ɗauki na Ingila, na yanke hular kwanon, na gina masa malafar daji da ƙullin gam, na mayar da kakin kore.

Kuskuren da na tafka a fata ne. Baƙin fenti na zuba masa tsagwaronsa. A hoto fuskar ta zama dunƙulen gawayi, ba hanci ba kumatu. Sai da na zauna ina kallon hannuna a rana na ga ashe babu baƙi a ciki. Ruwan ƙasa ne mai duhu, da ɗan ja-ja, sannan haske a goshi da karan hanci da saman kumatu. Na sake shi haka. Da na nuna wa gwaggona hoton ta daɗe tana kallo, ta ce malafar ta yi, amma Baba ya fi wannan tsayin wuya.

Na Tudun Wada:
Allah ya jiƙan maza. Yaya, da me ka wanke fentin farkon?

Jikan Mazan Jiya:
Amin. Da sifirit na kemis da tsohon buroshin haƙori. Kada wanda ya kuskura ya sa ruwan goge farce, na gwada a wani, fuskar narkewa ta yi.

Ɗan Damagaram:
Mu nan hunturu ne abokin gabarmu. Fenti na bushewa a bakin buroshi kafin ya kai jikin sojan, ƙura kuma ta bi ta manne. Dabarata soso jiƙaƙƙe a cikin murfin roba, in shimfiɗa takardar gashin kek a kai, in ɗiga fentin a nan. Yakan kai awanni bai bushe ba. Da na gama shafa sai in kife masa kofin gilashi.

Mai Hoto:
Ɗan Fagge, na ga hoton. Rabin laifin na wayar ne. Ka kunna fitilarta, shi ya sa goshin ke ƙyalli, inuwar da ka sha wahalar yi duk ta gudu. Kuma ka ajiye shi kan leda mai furanni. Samo farin kwali ko mai ruwan toka, ka lanƙwasa shi ya zama ƙasa da bango lokaci guda. Kai shi bakin taga da hantsi, inda haske yake amma rana ba ta dukansa, ka tsayar da farar takarda a ɗaya gefen ta maido haske. Kada ka cusa wayar a hancinsa, in ka matsa sosai bakin bindiga zai fito tar fuska ta dushe. Ja baya kamar taƙi ɗaya, jingina wayar da littattafai, sauko da ita daidai ƙirjinsa, ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na gwada taga da kwali yanzun nan, bambancin ba kaɗan ba ne, har igiyar bindiga ta fito. Idanun dai suna nan yadda suke. Na so in jefa shi a sifirit, sai na fasa, na rubuta kwanan wata a ƙarƙashin gindinsa na ɗora kan kanta. Akwai saura a kwalin. Malam, tsinken sakacen nan, fiƙe shi kake yi ko haka nan kake tsoma shi?