Tantance Jita-jitar Siyasa Kafin Yaɗa Ta

A wata tattaunawa kan yadda za a tantance jita-jitar siyasa, shawarar da mahalarta suka fi nanatawa ita ce a binciki tushen labari, domin zargin maƙarƙashiya yakan zo ba tare da sunan mai faɗa ba. Sun kawo misalin raɗe-raɗin cewa an musanya Muhammadu Buhari da wani Jubril ɗan Sudan, har sai da ya ƙaryata da bakinsa a ƙasar Poland a Disamba 2018. Hoto kuwa a saka shi a Google Lens, manhajar binciken hoto ta Google, wadda kan fallasa tsohon hoton da aka liƙa wa sabon labari. A ganina, shawara mafi wuyar bi ita ce a tsananta bincike musamman idan labarin ya ɓata ɗan takarar da ba ma so.