Inabin ba'ali ne ko dai wayo aka min?

Baban Ummi, Makka:
Salam 'yan uwa. Jiya na shiga halagar Ka'akiya, wato kasuwar kayan lambu da 'ya'yan itace, na sayo kwali ɗaya na baƙin inabi, ƙanana ne kamar 'ya'yan carbi ga ɓawo mai kauri, amma zaƙi kam sai ka ce zuma. Mai sayarwa ya ce wai ba'ali ne daga tsaunukan kudancin Ɗa'if, shi ya sa ya fi manyan tsada. Mene ne ba'ali ɗin? Kuma uwargida ta matse rabi ta manta a kicin, yau da la'asar na ga ya fara kumfa, ya zan yi da shi?

Na Jidda:
Ba wayo ba ne Alhaji, in dai da gaske ba'ali ne. Ma'ana ba a yi masa ban ruwa, ruwan sama kawai, sai saiwar ta nutsa ƙasa sosai tana neman laima, 'ya'yan su fito ƙanana ruwa kaɗan suga da yawa, kuma gonar ba ta bada yawa shi ya sa kuɗin. Mutanen Khalil a Falasɗinu haka suke nomansa tun kaka da kakanni, su dafa ruwan ya zama dibis, wato ya yi kauri kamar zuma. Masu giya a Sifen ma irinsa suke so, don jan launin a ɓawo yake ba a ruwan ba. Amma fa ni ina da shakka, yawancin gonakin Ɗa'if da na gani da rijiya suke.

Malam Mai Allo:
Har a zakka akwai bambanci, wanda ruwan sama ya shayar ushiri ne, 1 cikin 10, na ban ruwa da wahala 1 cikin 20. Wancan mai kumfar kuwa ka zubar kawai. Kumfar alama ce sugan ya fara juyewa barasa, zafin Makka kuma ba ya jira.

Hajiya Takari:
Hhh Baban Ummi kar a ga laifin uwargida, ni ma ya taɓa faruwa da ni, murfin gorar har tsalle ya yi ya ɓata min silin. Sauran rabin ka shanya a inuwa mai iska ya zama zabibi, ko in asir (ruwan inabin) kake so a tafasa a sa tallaja (firji) nan take.

Baban Ummi, Makka:
Na zubar Malam, riyal ɗina dai sun bi rariya. Hajiya zabibin kwana nawa yake ɗauka?