Dan Allah masu manyan mashina ku ba ni shawara kan Virago ɗina

Mai Virago: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema don abin ya fara damuna sosai. Mashin gare ni Yamaha Virago 250, irin mai zaman kishingiɗen nan ƙafa a gaba. Wajen mijin yayata na saye shi da zai koma Kaduna, maganar gaskiya ma ban gama biyansa ba, shi ma ba sabo ya saya ba na hannu ne. Uwargida tun farko ba ta so ba, ita fili take so a saya wajen Tumfure, har yau in na tayar da shi da asuba sai ta ce ga filinta can yana hayaƙi. To an mayar da ni aiki Bauchi iyali kuma suna Gombe, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya gagare ni shi ya sa nake hawa abina, tafiyar kilomita 150 da ɗoriya ce. A cikin gari lafiya lau. Amma da na ɗauki hanyar Alkaleri titi ya miƙe, ina giya ta biyar wadda ita ce ta ƙarshe, da na kai 90 sai injin ya kama ihu, hannu ya mutu don jijjiga, madubi ma rawa yake ba ka ganin na bayanka. Kuma in na zo wuce tirelar siminti a kan hawa ba shi da ja sam. So nake ya ƙara ƙarfi ya kuma daina ihun. Bakaniken unguwarmu ya ce a canza salansa. Ya zan yi?

Ɗan Wunti: Wa alaikumus salam. Kar ka kuskura ka bari a taɓa maka salansa. Ni haka wani ya yi min, ya fasa min ita wai mashin zai yi numfashi, ƙara kawai ya ƙaru maƙwabta suka tsane ni, da na koma wajensa ma cewa ya yi ai haka manyan mashina suke. Har yau yana riƙe da sifana ta da ya ara.

Injiniya: Ƙanina saurara da kyau, abu biyu ka tambaya kuma ba sa tafiya tare. Ihun da kake ji juyin inji ne ya yi yawa, maganinsa sifaket, wato faifan nan mai haƙora da cen ke hawa kansa. Virago 250 daga kamfani haƙora 16 ne a gaba 45 a baya. Ka sa 17 a gaba, juyin zai ragu da wajen kashi 6 cikin 100. In ka bar gaban ka sa 40 a baya zai ragu da kashi 11, sai dai ƙila a rage tsawon cen. Amma duk abin da ka rage a ihu, daidai shi ka rage a ja, sifaket ba ya haifar da ƙarfi, raba wanda ke akwai kawai yake yi. Wurin wuce tirela sai ka sauko giya ta huɗu, dama don haka aka yi ta. Salansa kuwa in an buɗe ta ba a gyara jet ɗin kafireto ba, iska ta fi mai yawa, injin ya riƙa zafi, kuma naka iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba, ka tuna zafin Gombe a watan Afrilu. Yanzu faɗa min, haƙora nawa ne a jikin naka? Kilomita nawa ya ci? Kai kaɗai kake hawa?

Tsohon ɗan acaɓa: Injiniya da girmanka amma ni ban yarda ba. Mu da muka yi shekaru muna ɗaukar mutum biyu da buhu, ƙaramin sifaket muke sawa a gaba mashin ya riƙa cizo. Ya sa 15 ya ga aiki.

Injiniya: Ka ji irinta. Mutum na kukan ihu kai kana ƙara masa. 15 na cikin kasuwa ne ba na hanyar Bauchi ba.

Mai Virago: Na gode Injiniya. Haƙoran ban ƙirga ba, mita kuma ba ta aiki tun a hannun mai shi na da. Amma ni ba na son saukowa giya ta huɗu, ai dalilin sayen babban mashin kenan mutum ya zauna ya huta. Kuma bakaniken nan tare muka taso ba zai cuce ni ba.

Injiniya: Mita ba ta aiki to ina ka ga 90 ɗin?

Mai Virago: A waya nake gani.

Maman 'yan biyu: Ni dai Yaya ina bayan uwargida. Nawa maigidan haka ya yi ta zuba kuɗi a wata tsohuwar mota har kuɗin adashina ya shiga ciki, yanzu kaji ne ke ƙwai a kujerar baya. Ka dai riƙa sa hular kwano don Allah, hanyar nan ramuka gare ta.

Ɗan Jekadafari: Kafin a kai ga sifaket, yaushe rabon da ka buɗe iya kilina, wato matatar iskar inji? Ƙurar hunturu kan toshe ta mashin ya koma kamar mai mura. Ka duba fulogi biyun, in sun yi baƙi ƙirin mai ya yi yawa. A saita bawul, a duba ko kuloci na sulɓewa, don in kuloci ya cinye za ka ji inji na ihu mashin ba ya gaba, kuma abin da ka kwatanta kenan fa. Iskar taya ma ka auna.

Injiniya: Kuloci zai iya yiwuwa, amma maganata na nan. Inji 250 ne, ko me ka yi masa 250 ne. Mai son ya zauna a giya ɗaya daga Gombe har gadar Dindima ya nemi Honda Shadow 750, shi ne mai ja tun daga ƙasa. Ka sayar kawai.

Mai Virago: Haba Injiniya, in sayar da abin da ban gama biya ba? In mijin yayata ya ji fa? Kuma 750 wa zai ba shi mai? Kuloci kam lafiyarsa ƙalau ina ji a hannuna. Ni tunanina in sa 17 ɗin in kuma canza salansar gaba ɗaya, ɗaya ya rage ihu ɗaya ya ƙara ƙarfi.

Ɗan Wunti: Allah ya kyauta. An ce maka kar ka taɓa salansa.

Injiniya: To ka ƙirga haƙoran tukuna, ƙila ma an riga an canza su ba ka sani ba.

Mai Virago: Mashin ɗin na Bauchi ni ina Gombe yau, mota na shigo saboda hadari. Wai a Bauchi ina ake samun mai haƙora 17 ɗin, ko sai an aika Kano? Kuma nawa salansa take yanzu?