Wai me za mu kira keken “gravel” da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na kawo ƙara gaban manya. Ina karatu a Filorens ta ƙasar Italiya, kuma Asabar ɗin da ta wuce wani abokina ya ara mini keke muka yi kudu, yankin Kiyanti, tsakanin Filorens da Siyena. Da barin hayaniyar gari sai tuddai: ka hau wannan ka gangara, kafin numfashi ya dawo wani ya tare ka. Gonakin inabi a jere a jikin tudu kamar kitso, zaitun jefi-jefi. Bayan garin Greve muka saki kwalta muka kama wata farar hanya mai tsakuwa, ƙura ta yi mana hoda har gira.

Da dare na kira Inna zan ba ta labari, sai harshe ya maƙale. Keken nan Turawa “gravel” suke ce masa, Italiyawan ma ba su fassara ba. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, irin na keken tsere, amma tayarsa ta fi kauri, wajen milimita 40, da ’yan ƙuraje a jiki don kama ƙasa. Birkinsa na faifai ne. Ba shi da kariyar ɗaukar kaya, ba shi da nauyi, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Me za mu kira shi?

Ɗalibin jami’a: Yaya, ai abin a fili yake. Kalmar tana nufin tsakuwa. Keken tsakuwa, shi ke nan.

Direban tifa: Samari, shekarata goma sha ina jigilar kayan gini. In ka ce motar yashi, yashi ne a bayanta. In ka ce motar tsakuwa, tsakuwa ce a bayanta. Ka je kowace kasuwa ka ce kana neman keken tsakuwa, wallahi baro za a turo maka.

Malamin Hausa: Direba ya taɓo wurin. Hausa tana laƙaba wa abin hawa suna ta hanya biyu: ko da abin da ya ɗauka, ko da inda yake bi. Ku dubi ruwa kaɗai. Motar ruwa ɗaukarsa take yi, jirgin ruwa kuwa a kansa yake tafiya. Kunne ne yake raba gardamar, kuma kunnen Bahaushe ya san tsakuwa a matsayin kaya: ana fasa ta, ana auna ta, ana sayar da ita tifa-tifa. Ba wanda yake cewa “na biyo tsakuwa na zo”. Amma ana cewa “na biyo burji”. Ga kalmarku nan a gida, kuna neman ta a dawa. Burji ita ce hanyar da aka share, aka zuba mata marmara ko tsakuwa aka daddaɓe, ba a kai ga kwalta ba. Ba turba ba ce, ba titi ba ce. Keken nan ma haka yake, tsakanin biyu. Ni dai keken burji na zaɓa.

Mai tambaya: Allah ya gafarta Malam, ta zauna a baki. Sai dai burjin da na sani ja ne, mai rina farar riga. Na nan fari ne fat, har sunan da suke kiran hanyoyin ke nan, strade bianche, wato fararen hanyoyi. Ba za a ce mun yi wa kalmar dole ba?

Malamin Hausa: Ɗana, ja ko fari, na ƙasar wurin ne. Tuwon dawa da na shinkafa ba launinsu ɗaya ba, duk tuwo ne. Ka ce farin burji, ba wanda zai ɓata.

’Yar jarida: Ni matsalata ta aiki ce, don mu ne za mu karanta a labaran wasanni cikin daƙiƙa kaɗan. Abin ya wuce yawon Asabar. A Amurka, a garin Emporia na jihar Kansas, an fara wani tsere na mil 200 a 2006 da mutum 34 kacal, yau dubbai ke zuwa, sunansa Unbound. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta yi gasar duniya ta farko ta wannan fanni a 2022 a yankin Veneto na Italiya, Gianni Vermeersch na Beljiyam ya ci ta maza, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta ci ta mata. Na gwada a bakina: “gasar tseren burji ta duniya”. Ta fita sumul. “Gasar tseren tsakuwa” kuwa kamar tsakuwoyin ne za su yi gudu.

Ɗalibin jami’a: To mu Hausantar da ita mana, girabul. Ba haka muka yi da birki da feda da giya ba?

’Yar jarida: Ƙanena, waɗancan mun are su ne don ba mu da su. Wannan muna da ita. Kuma girabul a rediyo, rabin masu sauraro garambawul za su ji.

Tsohon mai faci: Ku dakata, yara. Ina ta karanta ku ina dariya. Shekara nawa muna taka keken Rali a kan burji, buhun gero a kariya, wani lokacin da yaro a gaba? Gargadar da ta kwance mana haƙora ita ce yanzu Bature yake biyan kuɗi ya je ya sha? In kun ce keken burji, to kowane keke a ƙauyenmu keken burji ne. Me ya raba naku da namu?

Mai tambaya: Baba, wallahi maganarka ta fi ta kowa nauyi, kuma mutanen nan da kansu suna bayanka. A Gaiole, wani ƙaramin gari a cikin Kiyanti, wani mutum mai suna Giancarlo Brocci ya fara wani taron hawan keke a 1997 da mutum 92, ana ce masa L’Eroica. Sharaɗinsa tsohon keke irin na kafin 1987, har da tsofaffin riguna na ulu. Ana yin sa farkon Oktoba, daidai lokacin girbin inabi ko ƙarshensa, mafi tsawon zangonsa ya haura kilomita 200, masu shi tun da duhu suke tashi da fitila. Ɗaya daga cikin dalilan kafa shi, a hana malale fararen hanyoyin nan da kwalta. Ka ji ikon Allah: mu muna roƙon gwamnati ta rufe burji, su suna roƙon a bar musu shi. Daga nan ne aka haifi tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007, wanda yake ƙarewa a dandalin Piazza del Campo na Siyena bayan wani hawa mai tsinka cinya. Fabian Cancellara ya ci shi sau uku har aka sa wa wani yankin burjin sunansa. Abin dariyar, su ƙwararrun da keken tsere na kwalta suke yin sa, taya kawai suke ƙara wa kauri.

Malamin Hausa: Alhaji mai faci, a yi mini afuwa in ɗan ja. Doki duk doki ne, kowanne yana iya gudu, amma in an ce dokin sukuwa an san wanda ake nufi. Ralinku yana bin burji ne don ita ya tarar a ƙofar gida. Wannan don ita aka ƙera shi. Kuma ba wanda ya taɓa kiran Rali keken burji, keke ake ce masa kawai, saboda haka gurbin a buɗe yake, ba mu ƙwace wa kowa ba.

Direban tifa: In da a tasha ne za a raɗa masa suna, sha-gargada za a ce.

’Yar jarida: Wannan ya yi daɗi! Amma kirari ne, ba zan buɗe labarai da shi ba. A bar wa masu sharhi in tsere ya yi zafi.

Ɗalibin jami’a: Keken daji fa? Ko ruwa-biyu?

Malamin Hausa: Ka adana keken daji, za mu buƙace shi ranar da aka kawo mana wancan mai miƙaƙƙen kai da ƙatuwar taya, na hawan duwatsu. Ruwa-biyu bayani ne, ba suna ba, don har akuya ana ce mata haka.

Mai tambaya: Saura ƙiris. Yankin kansa fa? Inabin nan ba na ci ba ne, ba kuma na zabibi ba, giya ake matsewa da shi, irin inabin da ake kira Sangiovese, kuma tun 1716 mai mulkin Tuskani ya shata iyakar yankin saboda ita. Na rubuta wa wani “na yini ina canza giya a ƙasar giya”, sai ya aiko mini da inna lillahi.

Malamin Hausa: Ka jawo wa kanka. A baki ta keke tana da jan wasali, a rubutu kuwa tagwaye ne. Ka ce yankin gonakin inabi. In zancen ya kai ga abin da ake yi da inabin, ka faɗa ƙarara giyar inabi ce, kada ka ɓoye wa mai karatu, kada kuma ka haɗa su a jimla ɗaya. To, in ba mai ja: keken burji ga abin hawan, tseren burji ga gasa, yawon burji ga irin naka na Asabar.

’Yar jarida: Na ɗauka. Gobe zan gwada wa edita.

Tsohon mai faci: Na sallama, ba don na ƙoshi ba. Yaro, tsakuwar nan ba ta fasa muku tub?

Mai tambaya: Baba, babu tub a ciki. Wani farin ruwa ake ɗura wa tayar, kamar madara. Ƙaya ta soke ni a gangaren Panzano, ruwan ya yi tsartuwa ya ɓata mini wando, tayar ta juya sau biyu uku, hujin ya toshe da kansa. Ko sauka ban yi ba.

Tsohon mai faci: Wannan ruwan kada ku nema masa sunan Hausa. Ku bar shi can.