Kiyazma: mahaɗa, gicciye ko mararraba?

Salamu alaikum jama'a, taimako na zo nema. Ina koyar da ɗaliban kiwon lafiya a nan Katsina, kuma duk shekara in muka iso darasin hanyar gani, kalma ɗaya ke tsaya mini a maƙogwaro: kiyazma. Asalinta Girkanci ce, daga harafinsu mai siffar X. Ɗalibi zai haddace ta ya ci jarabawa, amma ka ce ya yi wa mahaifiyarsa bayani, sai ya yi tsit.

Ga abin da take nufi. Daga bayan kowane ido jijiyar gani take fitowa, ɗauke da zarurruka fiye da miliyan 1. Jijiyoyin biyu sai su gamu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. A nan zarurrukan da suka taso daga ɓangaren hanci na kowane ido ke tsallakawa zuwa ɗaya gefen, na ɓangaren kunne kuwa su miƙe a gefensu. Shi ya sa duk abin da ke hannun damanka, ko da wane ido ka gan shi, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke karɓarsa, can wajen ƙeya.

Na daɗe ina cewa "mahaɗa", sai kawuna ya rushe mini ita. Ya fara bugun kafaɗa da ƙofar zaure, yau dama gobe hagu, kuma ba ya ganin mai babur sai ya iso gabansa, alhali yana karatun Alƙur'ani ba gargada. Ya ce ji yake kamar mai leƙe ta tsakanin ƙyaure biyu. Hoton kai ya nuna ƙari a fituwitari, ɗan ƙullutun nan kamar ƙwayar wake da ke zaune daidai ƙarƙashin kiyazma. Ƙarin na danna tsakiya, inda zarurruka masu tsallake ke bi, su ne kuwa ke ɗauko ganin gefe. Da na ce masa mahaɗar jijiyoyin ce ta taɓu, sai ya ce, "To ɗana, in mahaɗar ce, ai da ganin duka zai tafi." Na rasa amsa, don gaskiyarsa.

Wani malami daga Daura ya rubuto cewa Larabawa "tasalub" suke cewa, daga tushen kalmar salibi, don haka mu ce "gicciyen gani". Allah ya gafarta malam, gicciye ya kama siffar sosai, sai dai yana sa mutum ya zaci dukkan zarurrukan ke sauya gefe. Kaɗan ne fiye da rabi ke tsallakawa, kuma wannan kuskuren shi na fi gani a takardun ɗalibaina.

Wata ƙanwa, ma'aikaciyar jinya, ta ce: "Yaya, ka taɓa tsayawa Marabar Ƙanƙara ka kalli motoci? Wasu su miƙe, wasu su karkata. Mararraba ce kawai." Wani ya ƙalubalance ta cewa a mararraba hanya ɗaya ce ke rabuwa, nan kuwa biyu ke shigowa. Na ji wannan, amma a bakin direbobi duk inda hanyoyi suka gamu suka sake rabuwa mararraba ce. Abin da ya ja ni ga kalmar mararraba shi ne tana tilasta tambayar da ta dace: wa ya miƙe, wa ya tsallaka?

Don haka na tsaya kan "mararrabar gani", da "masu tsallake" da "masu miƙewa". Jiya da la'asar na gwada wa kawu: ƙarin na zaune a tsakiyar mararraba, ya tare masu tsallake, masu miƙewa na wucewa lafiya. Ya gyaɗa kai, ya tambayi ranar aiki.

Saura "jijiya" kanta, wadda muke kiran jijiyar jini da jijiyar saƙo duka da ita.  Mai kalmar da za ta raba jijiyar saƙo da jijiyar jini ya ajiye mana a ƙasa.