Tambaya: miRNA tana ƙara yawan Treg ne, ko ƙarfin aikinsu?

Ɗaliba_Kabuga:
Assalamu alaikum malamai. Ina tsara binciken digiri na biyu a nan Kano kan ƙwayoyin Treg, masu taka wa garkuwar jiki birki kada ta auka wa jikin mai ita. Wace miRNA, wato ƙananan RNA masu rage yawan furotin da ƙwaya ke ƙerawa, ya kamata in auna? Kuma idan Treg suka yi yawa a jini, suna aiki ke nan?

Malam_Gwale:
Wa alaikumus salam. A'a, yawa daban, aiki daban, kuma nan ne ake yawan zamewa.

Ɗauki miR-155. Foxp3, furotin da ke jagorantar aikin Treg, shi ne ke kunna ta, ita kuma ta danne furotin SOCS1 mai tare hanya, sai furotin STAT5 ya samu damar amsa saƙon IL-2, sinadarin da ke raya ƙwayoyin T, sosai. Treg ba sa rayuwa sai da IL-2. Shi ya sa ɓeran da aka cire wa miR-155 Treg ɗinsa ke raguwa, amma waɗanda suka rage suna tsawatarwa yadda ya kamata.

miR-146a akasin haka take. Tana rage STAT1, furotin da ke isar da saƙon IFN-γ, sinadarin da ke rura kumburi. In babu ita, Treg sun ma fi yawa, amma sun kasa riƙe ƙwayoyin garkuwa masu zafi da ake kira Th1, IFN-γ ya yi ambaliya, garkuwa ta juya kan gaɓoɓin jiki. Ki auna biyun tare, 'yata, ki haɗa da gwajin tsawatarwa.

A 2008 aka nuna cewa cire Dicer, furotin da ke sarrafa miRNA, daga Treg kaɗai yana kashe ɓera da cuta irin ta wanda ba shi da Foxp3.

Dakta_Zariya_Road:
Bari in taɓa aikin ɗakin gwaji, don can ne bincike ke lalacewa. Ki ɗebi jini a kwalbar EDTA, ba ta hefarin ba (duka biyun suna hana jini daskarewa ne), saboda hefarin yana hana PCR, gwajin da za ki auna miRNA da shi, tafiya. Ki ware Treg da alamomin da ke bayan ƙwayar: CD4, CD25 mai yawa, CD127 kaɗan. Kada ki ware da Foxp3: yana cikin ƙwaya, sai an sandarar da ita da sinadari an huda ta, RNA kuma ta wahala.

miRNA tsawonta kusan nukiliyotaid (tubalan RNA) 22 ne, yawancin kayan tace RNA na gama-gari kuwa suna zubar da duk abin da bai kai 200 ba. Ki duba kwalin kafin ki saya. Da zafin Kano da ɗaukewar wuta, ki narkar da ƙwayoyin a TRIzol, ruwan da ake fitar da RNA da shi, a ranar, ki sa a firiza mai sanyin −80°C wadda ke da janareta.

Yaya_Fagge:
Ƙari ɗaya, ƙanwata. In masu sikila ne za ki ɗauka, jajayen ƙwayoyin jini suna cike da miR-451a da miR-16. Kaɗan suka gauraya da samfurinki, lissafi ya karkace, don haka kada ki daidaita sakamako da miR-16. Sannan ƙwayoyin T na ɗan Adam da aka zaburar su ma suna ɗaga CD25 da miR-155, mai zazzaɓin cizon sauro zai iya ruɗa ki. Ki yi wa kowa gwajin maleriya kafin ɗibar jini.